Likitar Ɓeraye, Matar da Ta Rushe Bincikenta da Hannunta

Kafin masu shara su gama da harabar asibiti ta riga ta iso. Ba ta bin babbar ƙofa. Takan zagaya ta bayan ɗakin wanki, inda ake shanya zannuwan gadon marasa lafiya, ta bi wani siririn lungu har zuwa wani tsohon gini wanda fentinsa ya daɗe da yin sallama. Abu na farko da take yi in ta buɗe ƙofa shi ne ta ɗora tafin hannu a jikin firiza ta ji ko tana aiki, domin jinin mutane da yawa na kwance a ciki, in wuta ta yi wasa wahalar shekaru ce za ta narke. Sai ta sa farar riga da safar hannu, ta shiga ɗakin ɓeraye.

Fararen ɓeraye ne cikin keji-keji, jere a kan kanta. Na layin dama ruwa zalla suke sha. Na layin hagu an gauraya musu nasu da barasa. A kowane layi akwai waɗanda ake ba abinci mai gina jiki, akwai waɗanda ake ba abin da zai cika ciki kawai. Takan bi su ɗaya bayan ɗaya, ta ɗaga wannan ta duba gashinsa, ta auna wancan, ta taɓa ƙullutun da ya fito wa wani a kuiɓi. Daga nan sai gaban madubin likita, inda take zama har wuyanta ya ƙage. In rana ta take sai ta cire safar, ta ɗauki filas ɗin shayinta, ta nufi sashen masu ciwon daji, ta nemi gefen benci ta zauna cikin masu jiran layi.

Haka ta yi fiye da shekara talatin. Ma'aikatan asibiti suna kiranta Likitar Ɓeraye. Da tsokana aka fara, har sunan ya bi ta. Ba ta duba marasa lafiya, ba ta rubuta magani, ba ta shiga tiyata. Karatunta na bincike ne, kuma tambaya ɗaya ta riƙe tun da sauran ƙuruciyarta: me giya da rashin abinci mai kyau suke yi wa garkuwar jikin mutum, kuma ta yaya wannan yake buɗe wa ciwon daji hanya? A makon da ya wuce ta yi ritaya. An yi mata ɗan taro a ɗakin shan shayin ma'aikata, an ba ta agogon bango, an tafa, kowa ya koma bakin aikinsa. Ina wurin, kuma tun da na fito raina bai kwanta ba. Shi ya sa na zauna rubuta wannan.

Ni ba ma'aikaciyar asibiti ba ce, malamar makaranta ce. Ciwon Yayana ne ya haɗa ni da ita. Yaya mai walda ne. Shi ya riƙe mu bayan rasuwar mahaifinmu, da tartsatsin wutar nan ya kai ni har na zama abin da na zama. Mutum ne mai kawaici, ba ya hayaniya, ba a taɓa jin kansa da kowa ba. A gidanmu in aka ce Yaya ya ce, magana ta ƙare. Shekarun baya ya fara ramewa, in yana cin abinci sai ya riƙa kora kowace loma da ruwa. Shi da bakinsa ya ce a kai shi asibiti, abin da ya ɗaure mana kai, domin Yaya ko ƙarfe ya yanke shi tsumma yake ɗaurawa ya ci gaba da aiki. Aka zura masa na'ura ta baki aka leƙa, aka yanko ɗan nama aka gwada. Likita ya ce ciwon daji ne a hanyar da abinci ke bi zuwa ciki.

Muna zaune a benci, ni da shi da matarsa, sai ga wata 'yar ƙaramar mata mai tabarau, da filas a hannu. Ta tsaya a gabanmu ta dubi Yaya.

"Mai walda, kai ne yau a nan?"

Ya ɗago ya yi wani murmushi mai ciwo. "Ni ne, Dakta. Abin da kika ce in lura da shi, ya zo."

Ta zauna kusa da shi, ta tambayi abin da likita ya ce, ya faɗa mata. Na ga ta rufe ido na ɗan lokaci, sannan ta ce, "Ka kyauta da ba ka jira ba."

Na ce, "Yaya, ka san ta ne?"

"Mun daɗe."

"A ina?"

Ita ce ta juyo gare ni ta ce, "Malama, wannan ba tawa ba ce da zan faɗa." Ta koma kansa. "Mai walda, in tashi in ba ku wuri?"

"Zauna, Dakta. Gara ta ji a gabanki." Ya dubi tafin hannunsa. "Ina cikin mutanen da take ɗibar jininsu. Binciken masu shan giya."

Dariya ta kusa kuɓuce mini. Na ce, "To kai me ya kai ka ciki? Kuskure aka yi?"

"Ba a yi kuskure ba. Na fi shekara ashirin ina sha. Na daina, amma da alama na makara."

Ban san yadda zan kwatanta muku abin da na ji ba. Kunnuwana suka toshe, hayaniyar asibitin duk ta koma kamar daga cikin rijiya take fitowa. Mutumin da ya taɓa hana ni fita mako guda don ya gan ni tsaye da wasu yara masu shan taba. Mutumin da nake kafa misali da shi a gaban ɗalibaina. Na juya wurin matarsa ina neman ta ƙaryata shi, sai na tarar idonta a ƙasa.

"Anti, kin sani?"

Ta ce, "Ni nake wanke kayansa."

Kwanaki na yi ina yawo kamar wadda aka kwaɗa wa guduma. Da mamakin ya ɗan lafa sai fushi ya maye gurbinsa, kuma da yake ba zan iya fuskantar Yaya da shi ba, sai na kwashe shi na nufi bayan ɗakin wanki. Na same ta tana wanke kwalaben gwaji. Ko gaisuwar kirki ban yi ba.

"Shekara da shekaru kin san yana kashe kansa, kina ɗibar jininsa kina ajiyewa a firiza, ba ki taɓa neman wani nasa kin faɗa masa ba?"

Ta kashe famfo, ta goge hannu, ta jawo mini kujera. "Da na faɗa miki, da daga ranar ya daina zuwa wurina. Da kuma sauran sun ji, duk za su watse. Mutanen nan ba su da inda za su je su ce ina sha ba tare da an yi musu kallon banza ba, sai nan. Zo ki ga wani abu."

Ta ɗora wani ɗan gilashi a ƙarƙashin madubin, ta ce in leƙa, in ido biyu sun gagare ni in rufe ɗaya. Na ga wani abu mai launin jaja-jaja, an kewaye shi da ɗige-ɗige masu ruwan ƙasa, cincirindo kamar tururuwa ta sami sukari.

"Wannan ƙullutun daji ne daga jikin ɓera. Ɗige-ɗigen nan sojojin jiki ne, ƙwayoyin jini masu sintiri. Jikin kowa yakan yi kuskure ya fitar da lalatacciyar ƙwaya, ni da ke duka. Aikin waɗannan shi ne su gano ta su kashe ta kafin ta yi 'ya'ya. Wannan ɓeran ruwa yake sha, kuma yana samun abinci mai kyau." Ta cire gilashin ta sa wani. "Sake leƙawa."

Ƙullutun ya fi na farko girma. Ɗige-ɗigen kuwa sai da na yi ta lalube kafin na ga ɗaya can a gefe, wani kuma can nesa da shi, kamar an ci kasuwa an watse.

Na ce, "Ina suke?"

"Tambayar da na tsufa ina yi ke nan. Wannan na layin barasa ne, abincinsa kuma ba shi da kirki." Ta zauna a bakin tebur. "Giya in ta shiga jiki ba ta tsayawa a giya. Jiki yana juya ta zuwa wani abu mai dafi da ke ɓata ƙwayoyin halitta, tun daga baki da maƙogwaro har hanta da hanji, a jikin mata har mama. Tana kuma gajiyar da masu gadin. Ga shi mai sha ba ya zama ya ci abinci, kwalba ta riga ta cika masa ciki. Ɗan abin da ya ci ma, hanjinsa ba ya tsotse amfaninsa yadda ya kamata. Ɓarna tana ƙaruwa, masu hana ta suna fama da yunwa."

Ni a sanina giya hankali take gusarwa, ta ci hanta, ta zubar da mutunci. Ban taɓa jin wani ya haɗa ta da ciwon daji ba, kuma na tabbata da yawa cikin masu karanta wannan yau suka fara ji.

Na miƙe zan tafi sai ta riƙe mini hannu. "Ki tafi da abu biyu. Ɓera ba mutum ba ne, abin da na gani a jikinsa hanya kawai yake nuna mini. Kuma ba duk mai sha ke kamuwa ba, ba duk wanda ya kamu ne ya taɓa sha ba. Haɗari take ƙarawa. Kada ki fita daga nan ki je ki yanke wa yayanki hukunci da sunana."

Ke ce, Dakta, kika riƙe sirrin mutanen da ko 'yan uwansu na jini ba su san halin da suke ciki ba. Direbobi, magina, masu gadi, malamai, har da masu zaman ofis da ke zuwa ta ƙofar baya suna waige-waige. Sun miƙa miki hannu kin ɗebi jini, sun buɗe baki sun faɗa miki abin da suke sha da yawan da suke sha, ba ki taɓa yamutsa fuska ba.

Labarin wani garin magani da ta taɓa haɗawa kuwa ba daga bakinta na fara ji ba. Sista mai ɗibar jini, wadda ta yi aiki da ita tun farkon farawa, ita ta ba ni, wata rana muna jiran a fito da Yaya daga ɗaukar hoto.

Bayan shekaru tana gwaji a kan ɓeraye, Dakta ta haɗa wani gari na sinadaran da jikin mai sha yake rasawa, ana dama shi a ruwa a sha da safe. A jikin ɓeraye ya yi abin kirki, sojojin jiki suka farfaɗo. Aka ba ta izini ta gwada shi a kan mutanenta, bayan an yi wa kowa bayanin cewa gwaji ne. Watannin farko jininsu ya nuna ci gaba. Sista ta ce ba ta taɓa ganin Dakta cikin farin ciki irin na lokacin ba, har waƙa take yi wa ɓeraye. Labari ya fita, wani kamfani ya aiko mutane suna so su ƙulla garin a 'yan ledoji su baza shi kasuwa. Ana ta raɗe-raɗin cewa kujerar farfesa ta kusa.

Sai wata safiya wani direban babbar mota ya zo ba da jini. Yana zaune ya naɗe hannun riga, ya hango Dakta ya washe baki.

"Dakta, Allah Ya saka miki. Tun da na fara shan garin nan naki hankalina ya kwanta. Da ina taka burki saboda tsoro. Yanzu na saki, sai inda mai ya ƙare, da safe in kora da garinki ya wanke komai."

Sista ta ce, "Na waiga na ga Dakta ta dafa bango, fuskarta kamar an zuƙe jinin. Ta ce masa, wa ya ce maka yana wankewa? Ya ce ai kowa ya sani, duk mu haka muke yi."

Ta kira su ɗaya bayan ɗaya ta tambaya. Mafi yawansu amsar direban suka ba ta. Ta koma kan jinin da aka ɗiba daga baya, ta tarar ɗan ci gaban nan duk ƙarin shan ya cinye shi, hantar wasu ma ta fi da lalacewa. Garin da ta haɗa don ya tallafi garkuwarsu ya cire musu tsoron da ke ɗan riƙe su.

Shugaban sashensu na lokacin ya kira ta ofis. Sista na tsaye a bakin ƙofa da tiren kwalabe, ta ji komai. Ya ce, "Dakta, sakamakon watannin farko gaskiya ne, ba ƙirƙira kika yi ba. Ki fitar da shi. Sauran ki ce yana buƙatar ƙarin bincike. Wa zai ce kin yi ƙarya?"

Ta ce, "Ranka ya daɗe, direban nan zai ce. Shi zai saya."

Ta rufe gwajin. Ta sallami mutanen kamfani. Ta rubuta sakamakon yadda yake, cewa garin bai kare kowa ba, kuma ya sa mutane sun ƙara sha, ta aika aka buga da sunanta a sama. Kujerar farfesa ta wuce ta, ba ta sake dawowa ba. Aikin da ta zuba ƙuruciyarta a ciki, ita ta ɗauki guduma ta rushe shi, babu wanda ya tilasta ta.

Ba ta tsaya nan ba. Ta ce ba za ta aika saƙo ba, da ƙafarta za ta je. Ta bi gareji-gareji, tasha-tasha, wuraren gini, tana neman mutanenta. Yaya ya ba ni nasa labarin da kansa. Ya ce yana tsugune yana haɗa wata ƙofa da tsakar rana, sai ya ga takalmin mace a gabansa. Ya kashe inji, ya ɗaga gilashin fuska.

"Mai walda, garin nan ba ya kare ka. Na zo in karɓi sauran da ke wurinka."

Ya ce ya ɗauka wa'azi za ta fara, har ya shirya kunnuwansa. Sai ta jawo wata tsohuwar taya ta zauna ta ce, "Abu ɗaya na sani da ke rage haɗarin nan, shi ne ka daina. Amma kada ka yanke lokaci ɗaya kai kaɗai, jikin da ya saba yana iya bugewa. Akwai likitan da ke taimaka wa mutane su daina, zan raka ka. Kafin nan ka riƙa cin abinci, ko ba ka so. Ranar da ka ji haɗiya tana yi maka wuya, ko muryarka ta dushe ta ƙi washewa, kada ka jira kowa, ka zo."

Ta raka shi. Ya daina, ya koma, ya sake dainawa. Duk lokacin da ya koma yakan yi watanni yana ɓuya mata, ita kuma sai ta ɓullo a bakin shagon kamar hanya ce ta biyo da ita, ta ce ta zo a gyara mata ƙafar kujera. Ya ce kujerar nan ya yi mata walda har ba sauran inda zai ɗora wuta.

Da na gama jin wannan sai wata tambaya ta tsaya mini a rai. Na same ta a benci, na zauna.

"Dakta, Yaya na cikin waɗanda suka ƙara sha saboda garin?"

"Yana ciki."

"To garinki ne ya kawo shi nan?"

Na sa ran za ta kare kanta, kuma tana da abin karewa, domin ya yi shekaru yana sha kafin ya san ta. Ta cire tabarau ta riƙe a hannu. "Ban sani ba. Ya daɗe yana sha kafin garin, wannan gaskiya ne. Amma watannin nan da ya ƙara, ba zan iya cire su in ajiye gefe ba. In na ce miki babu ruwana, na faɗi abin da ban sani ba."

Na saba da mutanen da in an tambaye su irin wannan sai su nuna wani. Na zo da shirin faɗa, na rasa wanda zan yi da shi.

Likitan tiyata ya ce an kama ciwon da wuri, ana iya cirewa, amma Yaya ya rame da yawa, jikinsa ba zai ɗauki aikin ba sai ya ɗan ciko. Ta yaya mutumin da loma ba ta wuce masa zai ciko? Dakta ta ɗauko jami'ar kula da abincin marasa lafiya, suka zaunar da Anti suka tsara mata: ƙwai, madara, wake, kifin da aka cire wa ƙaya, gyaɗa, ganye, duk a niƙa a tace, a riƙa ba shi kaɗan-kaɗan, ba sai ya ji yunwa ba. Takan biyo gida bayan ta tashi daga aiki, ta ɗora shi a sikeli, ta leƙa kofin da ya rage.

Yaya ya ce, "Dakta, kin mayar da ni ɓeranki."

Ta ce, "Ɓerayena ba sa gardama. Shanye."

Ya ciko. Aka yi aikin, ya tashi. Aka sa shi a layin gashi, wato inda ake haska wa wurin wata na'ura don a ƙone abin da ya saura. Kusan duk zuwan da muka yi sai mun tarar da ita a bencin, ta ɗaure kanta tam da ɗankwali, tana hira da masu jira, tana tambayar wannan me ya ci, tana tsokanar wancan. Na lura ta faɗa, na ce a raina aiki ne ya yi mata yawa. Har na taɓa ce mata, "Dakta, ki riƙa hutawa, ba sai kin zo kullum saboda mu ba." Ta yi murmushi kawai.

Wata rana ma'aikaciyar ɗakin gashi ta leƙo ta ce, "Dakta, ke ce a gaba." Na ɗauka wani aiki ake kiranta. Sai na ga ta miƙa mini filas ɗinta da jakarta, ta karɓi rigar nan mai igiya a baya da ake ba marasa lafiya, ta shiga. Aka rufe ƙofa, jar fitilar da ke sama ta kama.

Na dubi Yaya, Yaya ya dube ni. Sista ce ta matso ta ce a hankali, "Ciwon dajin mama ne. An yi mata aiki tun kafin a yi wa naku. Ta ce kada a faɗa wa mutanenta, kada su karaya."

Matar da ba ta taɓa kai giya bakinta ba. Matar da ta san abin da kowane ganye yake yi a jiki. Duk zuwan nan da take yi gidanmu tana ɗora Yaya a sikeli, da ɗinki a ƙirjinta take zuwa. Da ta fito na kasa riƙe bakina.

"Dakta, har ke?"

Ta karɓi jakarta ta ce, "Har ni. Ai na faɗa miki, ba duk wanda ya kamu ne ya sha ba. Ban yi binciken nan don a sami wanda za a ɗora wa laifi ba. Na yi ne don wanda zai iya rage haɗarinsa ya rage." Ta juya wurin Yaya, wanda hawaye ke bin fuskarsa, abin da ban taɓa gani ba tun da aka haife ni. "Mai walda, share idonka ka shiga, kai ake jira. Babu zafi, yanzu na fito."

Ke ce wadda ta ga gaskiya za ta cinye mata suna, ta buɗe mata ƙofa. Ke ce kika zauna a kan taya cikin ƙaurin ƙarfe kika yi wa mutum magana kamar ɗan uwanki, lokacin da shi kansa ya daina ganin kansa da daraja. Uwar masu ɓoyayyen ciwo, ashe ke ma da naki kike yawo. Mun gode. Anti ta gode, ita da ta yi shekaru tana haɗiye abin da ba ta da wanda za ta faɗa wa. 'Ya'yan Yaya sun gode, domin har yau suna da uba. Ni ma na gode, da kika hana ni rasa yayana tun yana raye.

Ga matasan da ke shiga ɗakunan bincike yanzu, ku nemi wannan matar ku zauna da ita tun tana da ƙarfin magana. Ku koyi yadda ake faɗin sakamako ko da ya zo ba yadda aka so ba. Ga mu da muke da wani a gida wanda muke zargin yana sha, mu daina jira sai ciwo ya tona. Mu tambaye shi a keɓe, da muryar da zai iya amsawa, mu raka shi wurin likita, mu tabbata ya ci abinci. Ga mai sha kuma, babu gari, babu ƙwaya, babu jiƙon da aka tabbatar yana wanke abin da kwalba ta zuba. Ka nemi taimako, kuma duk sauyin da ka ji a jikinka kada ka zauna da shi.

Dakta tana nan da ranta. Gashinta da magani ya zubar ya sake fitowa, fari fat. Likitocinta sun ce abin ya lafa, amma za su ci gaba da dubawa, kuma hannunta na ɓangaren da aka yi aikin yakan kumbura, hawa matakalar gidanta yana ba ta wuya. Jiya na bi ta wurinta in karanta mata wannan kafin in fitar, sai na tarar da injin walda a ƙofar gida, waya ta ratsa tsakar gida. Yaya ne tsugune a kan matakala, yana kafa mata ƙarfen dafawa. Ita kuma tana zaune daga sama, ta kare ido da hannu, tana ce masa ƙarfen ya karkace.

Ya kashe inji ya ɗaga gilashi, ya ce da dusasshiyar muryarsa, "Dakta, wannan fannina ne. Ki dafa ki gani."

Ta miƙe ta dafa, ta sauko har ƙasa ba wanda ya riƙe ta.